Shekara Biyar a Ɗakin Baya

Ranar da na fara ganin Thelma Pascoe a ƙasa, shanya nake kwashewa. Shingen kwano ne ya raba bayan gidana da na ɗanta Darryl, kuma akwai inda kwano ɗaya ya ɓalle tun wata guguwa da aka yi. Da gangan na ƙi gyarawa, don ta nan muke gaisawa da ita, ta nan nake miƙa mata lemun tsami daga bishiyata. Na leƙa, sai na hango ta kwance a gindin matakalar ɗakinta, ƙafa ɗaya a naɗe ƙarƙashinta, kwandon wanki ya kife. Ba ta kira kowa ba. Abin da ya fara tsorata ni ke nan. Mace ta faɗi, bakinta lafiya lau, amma ta yi tsit tana satar kallon tagar babban gida kamar wadda ta yi laifi.

Na ce, "Thelma, me nake gani haka?"

Ta ɗora yatsa a leɓe. "Yi ƙasa da murya, Dulcie. Narelle na ciki."

Narelle matar Darryl ce. Na ce ai gara ma, bari in ƙwala mata kira.

"Kada ki kuskura. Zama na yi. An hana zama a ƙasa ne a garin nan?"

"Da kwando a kife?"

"Iska ce."

Babu wata iska ranar, hayaƙin masana'antar narka dalma ma a miƙe yake tashi. Na zaga ta ƙofar gefe na shiga. Da na sa hannu ƙarƙashin hammatarta sai na ji matar da muka yi shekara da shekaru muna gara ƙwallo tare a filin kulob ɗin unguwarmu, mai damtse, ta koma ba nauyi. Na kai ta kujera, na ɗora ruwan shayi. Hannunta na dama yana ta karkarwa a cinyarta, ta danne shi da na hagu.

"Ki rantse mini ba za ki gaya wa kowa ba," in ji ta.

"Ba na rantsuwa a kan shirme. Gobe zan kai ki wurin likita da motata."

"Idan likita ya rubuta na faɗi, shi ke nan, mun kaɗe. Za su ƙwace gidan, Dulcie. Za su watso kayan jikokina a titi."

"Wa ya gaya miki haka?"

"Kowa ya sani."

Duk wanda ya kai shekarunmu a garinmu Port Pirie ya san wannan lissafin, don ba mu da wata hira a kulob sai ita. Idan ƙarfi ya ƙare aka kai ka gidan kula da tsofaffi, gwamnati za ta taimaka da kuɗin, amma sai ta fara auna abin da ka mallaka, mai gida na kansa ya fi kowa biya. Saboda haka kowa na neman dabarar da zai tsufa ba shi da komai a takarda. Thelma ta sayar da gidanta, ta danƙa wa Darryl kuɗin, ya biya bashin nasa gidan, ya kafa mata ɗaki na katako da kwano a bayansa, da alkawarin za ta zauna ciki har ƙarshen ranta. Doka ta yarda da haka. Sai dai akwai sharaɗi: idan ta bar ɗakin kafin shekara biyar, bisa dalilin da tun farko ana iya hango shi, za a ɗauka kyauta ta yi don ta ɓoye dukiya. Ita kuwa tun kafin ta sa hannu likita ya riga ya gaya mata sunan ciwon da ke sa hannunta rawa. Ranar da na ɗaga ta daga ƙasa, an ci shekara uku da 'yan watanni.

Da yamma na tare Darryl yana fitowa daga motarsa, da kayan aiki a jikinsa. Mutum ne mai fara'a, irin wanda ke tura wa maƙwabta shara bakin titi ba a roƙe shi ba. Na san shi tun yana gudu da majina a hanci.

"A'a, Anti Dulcie, gidan rediyon unguwa. Wane labari aka samu yau?"

"Uwarka ta faɗi."

Murmushin bai bar fuskarsa ba, amma ya waiga ya dubi titi. "Tuntuɓe ne, Anti. Ni ma jiya na yi tuntuɓe a wurin aiki, ko ni ma a kai ni gidan tsofaffi?"

"Ban ce a kai ta ko'ina ba. Likita na ce."

"Likitan nan namu hannunsa ƙaiƙayi yake yi masa, ko atishawa ka yi sai ya cika shafi. Ki bar mini Mama, ni na san abata. Ai don ta zauna cikin iyalinta muka yi duk wannan."

Ya dafa kafaɗata ya wuce ciki.

Thelma tana da wani abin wuya mai maɓalli, irin wanda kusan dukanmu muke ratayawa, idan ka faɗi ka danna, a kira ka, in ba ka amsa ba a turo motar asibiti. Bayan sati biyu na lura wuyanta babu komai. Ta ce Darryl ya karɓa zai sa a duba batirin. Batirin nan bai taɓa gyaruwa ba. Da na tambaye shi sai ya ce, "Anti, da wannan rawar hannun nata sai ta danna ba da niyya ba, a tara mana jama'a a ƙofar gida. Muna nan kusa, taku nawa ne daga kicin ɗinmu zuwa ɗakinta?" Gaskiya ne ba nisa. Amma shi yana masana'anta tun safe, Narelle tana kanti, 'yan matansu biyu suna makaranta, gidan babu kowa sai kare.

Ta daina zuwa kulob. Daga baya ta daina zuwa coci, don matakalar cocin na da tsawo, kuma akwai idanu. Ba ƙafarta ce ta fara hana ta fita ba, tsoron a gan ta ne. Ko mai kawo wasiƙa ya buga ƙofar gidan sai ta ja labule. Wata rana wani saurayi ya zo karanta mitar wuta da allo a hannunsa, ta shige makewayi ta kulle kanta har ya tafi, ta fito tana tambayata ko na ga abin da ya rubuta.

Na gaya musu, ita da Darryl, abin da kowa ya sani, cewa gwamnatin nan da suke tsoro tana turo mai yi wa tsoho wanka a gida, tana kafa ƙarfen riƙewa a banɗaki, tana ba da keken dogarawa, ba sai an bar gida ba. Amma kafin a ba ka sai an turo masu dubawa su ga yadda kake tafiya, su yi tambayoyi, su rubuta. Da Darryl ya ji kalmar rubutu sai ya ɗaure fuska. Ya sayo ƙarfen rataye tawul ya ɗaura mata da kansa a jikin bangon katako. Bai yi wata ba ta riƙe shi za ta tashi, ya tumɓuke da ita. Na ga shatar a goshinta, ta rufe da hoda.

Narelle ba muguwa ba ce, kuma wannan ya fi ba ni haushi. Tana dafa abinci ta zuba a robobi ta jera wa Thelma a firji. Ba ta taɓa tsayawa ta ga ko hannun da ke rawa yana iya buɗe murfin ba. Na same ta tana ba shuka ruwa na ce mata robobin nan haka suke komawa shara a cike.

"Anti, ya zan yi? Tun safe ina tsaye a kanti, in dawo ga yara, ga girki. Kuma ba uwata ba ce, ba ni da ta cewa. Shi da ita suka ƙulla abinsu."

"Amma kina da ido."

Ta kashe famfon. Sannan ta ce, "Saura kaɗan ai. Da zarar lokacin ya cika za mu nema mata wuri mai kyau, mai lambu. Darryl ya ma fara tambaya."

Saura kaɗan. Da wannan suke buɗe baki, da shi suke rufewa. Ita ma Thelma ta ɗauka. Idan na ce mata ta rame, sai ta ce saura kaɗan. Ta mayar da kanta kamar mai gadin wani abu, tana ganin idan ta jure ta ceci gidan jikokinta, idan ta yi raki ta rushe shi. Ni kuwa tsoro nake ji, kuma ba zan ɓoye ba. Kullum da safe kafin in ɗora shayi sai na je wurin ɓallen kwanon nan na tsaya ina jira in ga labulenta ya motsa. Idan ya motsa sai in saki numfashi.

Da shekara ta biyar ta kama, zafi ya shigo da wuri, mu kuwa a nan ƙarshen shekara ne lokacin zafinmu. Kafin Kirsimeti iskar arewa ta fara busowa, mai ƙona fuska, kwanon shinge ba ya taɓuwa da rana. Na'urar sanyin ɗakinta ta mutu. Darryl ya ce zai duba da kansa ranar hutu, don mai gyara sai ya shiga ciki, kuma matar mai gyaran a asibiti take aiki. Ya kawo mata fanka. Ɗakin katako da rufin kwano, a tsakiyar fili babu inuwa, fanka ba abin da take yi sai juya zafi.

A cikin kwanakin ne na zaga da kankana a faranti na tarar da sakata a ƙofarta, sabuwa fil, daga waje. Na tsaya ina kallonta. Na zare na shiga. Warin da ya tare ni ba zan kwatanta shi ba, don Thelma mace ce mai tsabta, wadda ko tsumman goge tebur sai ta yi masa guga. Tana zaune a ƙasa a kan wata tabarmar ƙofa, ta jingina da gado.

"Haka nake yawo yanzu," in ji ta, tana ƙoƙarin dariya. "In zauna a kai in ja. Wanda ke ƙasa ai ba ya faɗuwa."

"Wa ya sa sakata?"

"Matakalar ce. Darryl ya ce in ban fita ba, ba zan faɗo ba. Da yamma yana buɗewa."

"In wuta ta tashi fa?"

"Ke dai bakinki ba ya faɗin alheri."

Na yi mata wanka ranar. Ta rufe ido tun daga farko har ƙarshe, hawaye na bin kumatunta. Bayanta da cinyoyinta duk tabo ne, wani ya yi baƙi, wani ya fara rawaya. Da na tunkari Darryl a kan sakatar bai ko ji kunya ba. Ya ce, "Anti, a gidan tsofaffin da kike ta yabo ma kulle ƙofa suke yi. Bambancin kawai ni ba na karɓar kuɗi." Ya ce ya gode da wankan, amma Mama ba ta son ana ganin tsiraicinta, in bari Narelle za ta riƙa yi.

Wata Asabar bayan sabuwar shekara, da rana tsaka, ina cikin kicin na ji wani abu ya faɗi a ɗakin, mai nauyi, sannan wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakin Thelma ba. Ba ihu ba ne, nishi ne na wanda ya yi iya ƙoƙarinsa ya haɗiye ya kasa. Ban yi shawara da kowa ba, na ɗauki waya na kira motar asibiti. Sai a karo na biyu na iya faɗin lambar gidan daidai.

Kuskurena ɗaya, na leƙa ta shinge na ƙwala wa Darryl kira na ce masa suna hanya. Kafin motar ta iso, sun shirya ta. Da na shiga bayan ma'aikatan, mace da namiji, na tarar da Thelma zaune a kujera, an taje mata kai, an shafa mata jan baki, an fesa turare a ɗakin. An lulluɓe mata ƙafafu da bargo a cikin wannan zafin. Sakatar ƙofa an rataye tawul a kanta.

Ma'aikaciyar ta durƙusa a gabanta. "Sannu, Mama. Ya sunanki?"

"Thelma Pascoe. Yau Asabar, muna Port Pirie, kuma kin sa rigarki da maɓalli ɗaya a karkace. Akwai sauran tambaya?"

Matar ta yi murmushi. "An ce kin faɗi."

"Maƙwabciyata ce, 'yata. Tun da mijinta ya rasu ba ta da aiki sai kallon talabijin da leƙen shinge. Tukunya ce ta suɓuce mini."

Ban ji zafin maganar ba, don ina kallon hannunta na hagu. Ta damƙe hannun kujerar har farcenta ya yi fari, gumi na tsattsafowa a saman leɓenta.

"Za ki iya miƙewa in gani?"

"Na wuce shekarun tashi wa baƙi."

Matar ba yarinya ba ce, ta gane. Ta ce Darryl da Narelle su ɗan ba su wuri. Darryl ya ce ba komai, ya fita yana fito, amma bai yi nisa ba, inuwarsa na jikin labule. Matar ta rage murya ta ce, "Mama, ina ganin akwai abin da ya samu ƙugunki. In kin yarda mu tafi a ɗauki hoto, yau ɗin nan za a sauƙaƙa miki ciwon. Akwai wanda kike tsoro a gidan nan?"

Na ga idon Thelma ya kawo ruwa. Na ga bakinta ya buɗe. Na ce a raina, Allah ka sa ta faɗa. Ta dubi labulen, ta dubi na'urar da namijin ke riƙe da ita yana dannawa.

"Me yake rubutawa?"

"Abin da muka gani ne kawai, Mama."

"To ya rubuta lafiyata ƙalau, a gidan ɗana nake, ba inda za ni."

Sun yi ta lallashi. A ƙarshe matar ta ja ni waje ta ce mini Thelma hankalinta ɗaya, ta san abin da take ƙi, ba su da ikon ɗaukar babban mutum dole. Ta ce za ta kai rahoto, ta ba ni lambar wayar masu karɓar ƙorafi a kan cutar da tsofaffi. Na tsaya a bakin titi ina kallon motar ta juya ta tafi babu kowa a ciki.

Da maraice Darryl ya sa kwaɗo a ƙofar gefe. Ya leƙo ta shinge, babu sauran Anti a bakinsa. "Kin ga abin da kika jawo mana? Yanzu an rubuta. In wani abu ya samu gidan nan, ke ce." Washegari ya buga sabon kwano a wurin da ya ɓalle.

Daga nan sai kunne. Ina tsayawa jikin shingen in kasa kunne, wani lokaci in ji fanka, wani lokaci in ji tana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa. Jan tabarmar nan da na saba ji ya daina. Na kira lambar da aka ba ni, suka saurare ni da kyau, suka ce za su neme ta. Sun neme ta ta waya, ta ce musu ba ta san zancen ba. Suka ce mini in ba da yardarta ba, abin da za su iya kaɗan ne.

Akwai wata lauya da ke zuwa zauren unguwa tana ba tsofaffi shawara kyauta. Na je na zayyana mata komai, ban faɗi suna ba. Na ce ta gaya mini tsakani da Allah, in matar nan ta tafi gidan kula yau, yaushe za a zo ƙwace gidan?

Ta cire tabarau ta dube ni. "Wa zai ƙwace? Gidan da sunan ɗan yake, ba mai taɓa shi. Abin da zai iya faruwa, a lissafa kuɗin kamar har yanzu nata ne na ɗan lokacin da ya rage, a rage mata fansho, a ce ta ƙara abin da take biya. Tunda ba ta da shi, ido zai koma kan wanda ya karɓa. Zai ji a aljihunsa, ba shakka. Amma ba mai fitar da kowa titi, kuma ba mai hana ta gado a gidan kula don wannan."

Na fito na kama hanyar gida. A bakin shagon burodi na ci karo da Darryl, da ledar fanke mai nama a hannunsa. Na tsaya a gabansa.

"Ka san ba mai ƙwace gidan."

Ya dubi hagu da dama. "Ni ban taɓa ce mata za a ƙwace ba."

"Ka taɓa ce mata ba za a ƙwace ba?"

"Ba ta tambaye ni ba."

"Darryl, uwarka ce."

"Na sani, ai ba ke kika haife ni ba. Kin san abin da za su ce in biya? Sai na sake cin bashi a kan gidan, ina da shekara hamsin da wani abu, ga 'yan mata za su jami'a. Ita da kanta ta ce ba ta so wahalarta ta tafi a banza. Burinta nake cika mata. Watanni ne suka rage, Anti, ki bar mu mu ƙarasa."

Ya shiga mota, har da ɗaga mini hannu.

Bayan kwana biyu Narelle ta tsayar da motarta a ƙofar gidana za ta tafi aiki. Ba ta kalle ni ba, gaba take kallo. Ta ce, "Anti, mantuwa na damuna kwanan nan. Ina jin ban rufe kwaɗon gefe ba. Sai yamma za mu dawo." Ta ja mota.

Na same ta a gado. Ƙafarta ta dama ta juya waje, ta fi ɗayar gajarta. Kofin ruwa na kan tebur inda hannunta ba ya kaiwa. Na ɗaga kanta na ba ta, ta sha kamar ba za ta daina ba. Jan bakin nan na ranar Asabar har yanzu akwai ragowarsa a gefen leɓenta.

"Ki yafe mini abin da na faɗa a gaban mutane," in ji ta.

"Bar wannan. Thelma, saurare ni da kyau. Na je wurin lauya. Ba mai ƙwace gidan nan. Ko yau kika tafi asibiti, ko gobe aka kai ki gidan kula, jikokinki suna nan a ɗakunansu. Kuɗi ne kawai Darryl zai ƙara, kuma ya sani. Ki ce to, in kira motar yanzu, in zauna kusa da ke har su zo."

Na zaci za ta yi kuka, ko ta ƙaryata ni. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta zuba wa rufin ɗakin ido, hannunta na ta rawa a kan zanin gado, ba ta ko danne shi ba.

"Kina ganin ni sakarya ce, Dulcie? Ni na riƙe littafin kuɗin kulob shekara da shekaru. Na daɗe da zargin haka."

"To me kike jira?"

Ta juyo da kai a hankali ta dube ni. Ban taɓa ganin tsoro irin wannan a fuskar babban mutum ba.

"In ba gwamnati ce ta ajiye ni a ɗakin nan ba, to wa ya ajiye ni?"

Na buɗe baki, ta riga ni.

"Kada ki faɗa. Ni na haife shi, ni na goya shi. In na shiga motar nan, na yarda ke nan. Ki bar mini gwamnatin, ƙawata. Ita ina iya jin tsoronta in yi barci."

Na roƙe ta har muryata ta dushe. Na ce zan kira ko ba ta so, ta ce in kira, za ta sake gaya musu ranar da sunan gari. Na gyara mata shimfiɗa, na matso da ruwan kusa, na zauna riƙe da hannunta har lokacin tashin makaranta ya yi.

Ba ta kai ƙarshen shekara biyar ɗin ba. Ta rasu da sanyi ya fara shigowa, a kan gadon nan, da rana, gidan babu kowa. Takarda ta ce zuciya ce. Ba wanda ya zo ya tambayi komai a kan gidan, don wanda ya mutu a ɗakinsa bai karya sharaɗin kowa ba.

Ina faɗin wannan ne don na san ɗakuna nawa irin nata ke bayan gidajen garin nan, da labule a ja. Muna zama a kulob muna koya wa juna yadda za mu ɓoye gida kada gwamnati ta gani, ba wanda ke tambayar wa zai gan mu bayan mun ɓoye. Dokar da aka yi don kada tsoho ya rasa mai kula da shi, ita muka mayar dalilin hana shi likita, kuma 'ya'yan da muka yi dominsu sun iya lissafin fiye da mu.

A coci Darryl ya yi magana mai kyau. Ya ce Mama ta roƙi abu ɗaya, kada a raba ta da gida, kuma ya gode wa Allah da ya ba shi ikon cika mata. Mutane suka yi ta gyaɗa kai, wasu na share hawaye. Narelle ba ta ɗaga ido daga ƙasa ba. A wurin shan shayi, wata 'yar kulob ɗinmu mai suna Glenys, wadda gwiwoyinta suka fara ba ta wahala, ta ja Darryl gefe. Ta ce ɗanta ma ya kawo mata irin wannan shawarar, tana so ta ji yadda suka yi nasu ya tafi lafiya. Ina tsaye da kofi a hannu ina ji ya ce mata abin ba wuya, haƙurin shekara biyar ne kawai, sannan ya ciro waya ya ba ta lambar wanda ya kafa ɗakin.